Hausa Ta Ci Kasuwar Minna, Amma Wa Ya Zama Bahaushe?

A Minna Dutsen Kura biyu ne: akwai Dutsen Kura Gwari, akwai Dutsen Kura Hausa. In ka tare mai Keke Napep a shataletalen Mobil ka ce Dutsen Kura za ka, sai ya tambaye ka wanne daga ciki. Da Hausa zai yi maka tambayar, ko da shi Banufe ne kai kuma Bayarabe. Ko a wanne ka sauka, ba za ka yi nisa ba sai ka ji Hausa a bakin yaran da ke buga ƙwallo a layi. Sunan unguwa ya raba mutane gida biyu, harshen titi kuwa babu ruwansa da wannan rabo.

Duba sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Chanchaga, wadda ita ce cibiyar birnin. Limawa har biyu, A da B. Ga Makera, ga Nasarawa guda uku, ga Sabon Gari, ga Tudun Wada ta Arewa da ta Kudu. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka Kano ko Zariya ake lissafa masa. Sai ya nufi Kpakungu ko Fadikpe, ya ci karo da sautin da bakin Bahaushe ba ya iya fitarwa, sannan zai gane ƙasar tana da masu ita tun kafin zuwan Hausa. Minna garin Gbagyi ne, mutanen da muke kira Gwari, kuma a kan dutsen Paida suka fara zama.

Jirgin ƙasa ne ya sauko da garin daga kan dutse. Turawa sun shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya isa Kano a 1911. Ba da jimawa ba layin da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗu da shi a Minna. Inda dogo biyu suka haɗu kuwa dole a nemi lebura da ɗan kwangila da akawu da mai tuwo da mahauci da malamin da zai ja salla. Hausawa suka zo da fatauci da almajiranci, suka kafa tsoffin unguwanni irin su Limawa da Kwangila. Nufawa suka hauro daga Bida da Agaie da Lapai. Yarabawa da Ibo da sauran mutanen Kudu suka shigo da takardar makaranta suka kama aikin tasha da ofis. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 ta mai da Minna hedikwata, sai wata sabuwar ambaliya ta biyo baya, ta ma'aikatan gwamnati daga kowane lungu na jihar. Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta zo a 1983 ta ƙara nata.

Duk waɗannan mutane sai sun yi magana da juna, kuma Hausa suka ɗauka. Abin lura shi ne ba yawan Hausawa ne ya jawo haka ba. A jihar, Nufawa da Gbagyi manyan al'ummu ne masu faɗin ƙasa. Masana harsuna ma sun nuna Nufanci da Gbagyi 'yan gida ɗaya ne, tushensu guda, Hausa kuwa daga wani dangi daban ta fito, dangin harsunan Chadi. Amma in Banufiya mai kifi da Bagbagyiya mai doya suka haɗu a kasuwar Kure, da wannan baƙon harshe za su yi ciniki, su yi faɗa, su shirya. Dalilan a fili suke. Fatake sun riga Turawa kawo Hausa wannan yanki. Turawa suka zo suka mai da ita harshen En'e da kotu da ɗan doka a faɗin Arewa. Makarantar allo da tafsiri da wa'azi da ita suke tafiya. Coci ma bai kauce ba: tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Kiristocin Gbagyi da Kadara da Kambari da yawa da Hausa suke addu'a da waƙar sujada. Daga baya rediyo da finafinan Kano suka ƙarasa aikin. Kada kuma a manta, Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce ya kuma riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a Kagara aka haife shi a 1911, cikin Jihar Neja ta yau. Hausa ba ta zo ƙasar nan da ƙoƙon bara ba.

Kuskuren da mu Hausawa muke yawan yi shi ne mu ji mutum yana zuba Hausa sai mu sa shi a lissafinmu. A Minna wannan lissafi ba ya fita. Hausa a nan kamar rijiyar unguwa take, kowa na ɗiba, amma shan ruwanta bai mai da kai ɗan gidan da aka haƙa ta ba. Mutum zai wuni yana Hausa a gareji, in ka tambaye shi ko shi wane ne ya ce maka Banufe, ko Bakambare, ko mutumin Kuta. Ba ya ganin wani saɓani a ciki. Sai dai yadda kowace al'umma ta ɗauki wannan zama ya bambanta ƙwarai, kuma nan ne maganar take.

Nufawa su suka fi kowa samun sauƙi. Suna da Bida, suna da Etsu, suna da tarihin daular da ba ta taɓa jin kunyar harshenta ba. Gidan sarautar Bida kansa zuriyar Malam Dendo ce, Bafulatani, amma jikokinsa Nufanci suka koma yi, har yau da shi ake fadanci. Tun 1864 Samuel Ajayi Crowther ya buga nahawun Nufanci. Kowace shekara ana bikin Ranar Nufawa a ƙarshen watan Yuni, a ƙarƙashin Etsu Yahaya Abubakar wanda ya hau gadon sarauta a 2003. Saboda haka Banufen Minna yana Hausa a waje ba tare da jin an ƙwace masa komai ba. In ya hango ɗan'uwansa a ofis sai ya juya harshe nan take, a yi doguwar gaisuwar nan tasu da rusunawa, ku da ke tsaye ku zama 'yan kallo. Marigayi Sheikh Ahmad Lemu, wanda cibiyarsa ta Islamic Education Trust take Minna, Banufe ne da ya yi aikinsa da Larabci da Turanci da Hausa, kuma ba wanda ya taɓa mantawa mutumin Lemu ne. Tsakanin Banufe da Bahaushe ma akwai wasa, musamman da Katsinawa, kuma wanda kuke wasa da shi kun yarda tsaranku ne. Duk da haka iyaye Nufawa a Minna sun fara kuka da abin da ke faruwa a ɗakunansu: uwa ta yi magana da Nufanci, yaro ya amsa da Hausa. Yana ji, ba ya mayarwa.

Lamarin Gbagyi ya fi nauyi, domin su ne masu gida. Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, wanda yake kan karaga tun 1988, daga gidan sarautar Gbagyi ya fito, ɗan Ahmadu Bahago ne mutumin Kuta. Amma tsarin masarautar irin na ƙasar Hausa ne, da rawani da dogarai da sarautu irin su Talba. Ga mai kallo daga nesa, wannan alamar cuɗanya ce. Ga wani Bagbagyi kuwa, alama ce cewa ko a gidansa sai ya sa rigar wani kafin a ba shi girma. Kuma akwai tsohon miki a ƙasa. Labarin Bayajida da muke koya wa yara a makaranta ya jera Gwari da Nupe cikin Banza Bakwai. A ƙarni na 19 mayaƙan Kontagora, tun daga Umaru Nagwamatse zuwa ɗansa Ibrahim, sun yi ta kai hari ƙasar Gbagyi suna kama bayi, abin da ya sa ƙauyuka da yawa suka lafe a kan duwatsu. A zamaninmu kuma, da aka tashi gina sabon babban birnin tarayya bayan 1976, a ƙasar Gbagyi aka gina shi, su aka tayar.

Ga kuma abin da ke bakinmu kullum. In jariri ya fara haɗa kalmomi a karkace mu ce yana gwaranci. In mutum bai iya Hausa sosai ba mu ce Hausarsa bagwariya ce. In muna so a yi mana bayani dalla-dalla kamar ga wanda ba ya ganewa da wuri, mu ce a yi mana gwari-gwari. Finafinan barkwanci sun daɗe suna fito da Bagware a matsayin ɗan ƙauyen da ake dariyar lafazinsa. Bahaushen Kano zai iya cewa shi bai nufi kowa ba, haka ya tashi ya ji ana faɗa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Bahaushen Limawa ba shi da wannan uzuri, domin wanda ake nufi maƙwabcinsa ne, ɗan ajinsu ne, wataƙila ma kawunsa ne. Yarinyar da aka yi wa dariya a aji saboda ta ce "ya zo" a inda ake cewa "ta zo", ko ta kasa bambance kafa da ƙafa, darasi ɗaya za ta ɗauka: ta goge duk wata alamar gidansu daga bakinta. In ta girma ta haihu, da Hausa ko Turanci za ta yi renon ɗanta, don kada a yi masa abin da aka yi mata. Ta wannan hanya harshe yake fita daga gida, ba doka ba bulala. Shi ya sa 'yan bokonsu suka dage a kira su Gbagyi, sunan da suke kiran kansu da shi. Wasu na ganin wannan tsirfa ce. Ni ban ga tsirfa ba ga mutanen da suka ba Najeriya Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, don sun nemi a kira su da sunansu.

To shi Bahaushen Limawa fa? A fuska shi ya ci riba. Ya tashi da harshen da kowa yake nema, ba ya bukatar koyon na kowa. Wannan ribar ita ce kuma asararsa. Maƙwabcinsa Banufe yana da harshe uku ko huɗu: na gida, Hausa, Turanci, wani lokaci da Yarabanci. Mai kantin kayan gyaran mota ɗan Ibo yana Hausa har da karin magana. Shi kuwa da ƙyar ya iya gaisuwa da Gbagyi, alhali a ƙasarsu aka yanke masa cibiya. A wurinsa duk abin da ba Hausa ba sunansa "yare", duk wanda ba Bahaushe ko Bafulatani ba "ƙabila ne", sai ka ce mu ba ƙabila ba ne. Ana iya yin maganarsa a gabansa bai sani ba, shi kuwa ba shi da inda zai ɓoye tasa. Sannan in ya je Kano sai a tsinci wani abu a lafazinsa a ce Hausar Neja ce, domin zama da maɗaukin kanwa ya taɓa Hausar Minna ita ma, ta ɗauki kalmomi da karin da ba a san su a kasuwar Kurmi ba.

Akwai kuma wurin da iya Hausa ba ya amfana masa komai, wato wurin takardar shaidar asali, wadda ake nema a shiga jami'a ko aikin soja ko na gwamnati. Takardar ba ta tambayar harshen da kake yi, kakanka take tambaya. Tsoffin gidajen Limawa da suka shekara ɗari a garin 'yan Minna ne ba gardama, sun ba da kansiloli da 'yan majalisa da masu sarauta. Amma wanda mahaifinsa ya zo daga Sakkwato ko Katsina shekaru talatin da suka wuce yakan tsinci kansa a tsakiya: a nan a ce masa baƙo, a can babu wanda ya san shi. Ko manya ba su tsira daga tambayar ba. Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar duk a Minna aka haife su, ɗaya a 1941 ɗaya a 1942, kuma an daɗe ana ja-in-ja a jaridu kan ko Babangida Bagware ne ko Bahaushe, kamar dole sai mutum ya zama abu ɗaya tak.

A siyasa abin yake fitowa tsirara. Tun 1999 kujerar gwamna tana zagaya shiyyoyi uku: Abdulƙadir Kure daga shiyyar Nufawa, Mu'azu Babangida Aliyu, Talban Minna, daga shiyyar gabas a 2007, Abubakar Sani Bello daga shiyyar Kontagora a 2015, sai Muhammad Umaru Bago a 2023. Bago ya wakilci Chanchaga a Majalisar Wakilai har shekara 12, da ƙuri'un Limawa da Kpakungu da Tudun Wada, amma da aka zo neman gwamna da rabon shiyyar Nufawa ya shiga. Ita kuwa shiyyar gabas, inda Gbagyi suka fi yawa, zaɓaɓɓun gwamnoninta biyu ne, Awwal Ibrahim na Suleja a 1979 da Talba, kuma Gbagyi suna lura da cewa abin da ya fi zuwa hannunsu shi ne kujerar mataimaki, irin wadda Shem Zagbayi Nuhu ya riƙe a zamanin Kure. Ɗan takara zai hau mumbari ya yi jawabi da Hausa don kowa ya ji, da dare kuma a shiga gida-gida a yi wata maganar da harshen da ba kowa zai ji ba. Ƙidayar 2006, wadda ta ba jihar mutum kusan miliyan 4, ba ta tambayi kowa ƙabila ko harshe ba, don haka kowane ɓangare yana da damar cewa shi ne mafi rinjaye.

'Yan Kudu nasu zaman daban ne, ba sa neman sarauta, ba sa jiran takardar asali. Amma garin ya shiga jikin wasunsu. Cyprian Ekwensi, marubuci ɗan Ibo, a Minna aka haife shi a 1921, kuma ya rubuta Burning Grass a kan rayuwar Fulani makiyaya. Ben Okri ma a nan aka haife shi a 1959, lokacin mahaifinsa yana aikin jirgin ƙasa. Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru a 1904, da Hausa ya buɗe baki. A yau jikokin irin waɗannan mutane a Tunga da Sabon Gari suna haɗa Hausa da Turancin buroka, wanda ɗaliban jami'a a Bosso da Gidan Kwano suka ƙara wa ƙarfi.

Sama da kowa kuma Turanci yake zaune, shi ne harshen jarrabawa da fayil da albashi. A nan Bahaushe ma yana ɗanɗana abin da yake ɗanɗana wa wasu. Akwai makarantun kuɗi da ake hukunta yaro in an ji shi yana Hausa, kuma iyayen da kansu suke biya a yi hakan. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankin. A Minna wannan jimla ta biyu Hausa take nufi, ga jin daɗin wasu da ɓacin ran wasu. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi shekara shida na firamare da harshen gida, a ƙarshen 2025 kuma ta soke ta koma Turanci. Tsakanin wancan umarni da wannan babu abin da ya canza a yawancin azuzuwa: malama tana rubuta Turanci a allo, tana bayani da Hausa, yaron da ya zo da Gbagyi yana kokawa da baƙi biyu a lokaci guda.

Waɗanda abin ya fi ci ba a ma jin muryarsu. Jihar tana da Kamuku da Pangu da Koro da Dukawa da Basa da Dibo da wasu da dama. Masu bincike irin su Roger Blench sun rubuta yadda wasu rassan Basa suka ɓace, masu su suka koma Hausa gaba ɗaya. Yanzu kuma ta'addancin 'yan bindiga a Shiroro da Munya da Rafi ya kwaso mutane daga ƙauyukan da harsunan nan suke da rai ya zube su a Kuta da Gwada da gefen Minna. Yaron da ya girma a sansanin gudun hijira ko a ɗakin haya a Maitumbi da Hausa zai girma. Gona da dandali da kakar da ke ba da tatsuniya su ne makarantar ƙaramin harshe, kuma su aka baro a baya.

Ba na cikin masu cewa Hausa ta yi laifi don ta yaɗu. Gari mai harsuna da yawa haka dole ya sami na haɗuwa, kuma gara wanda talaka ya iya ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. Laifin yana ga ɗaukar da muke yi cewa tunda kowa ya iya namu, nasu ba shi da sauran aiki, da kuma dariyar da ke sa mutum ya ji kunyar harshen uwarsa. Sashe na 97 na tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar dokokin jiha damar yin zama da wani harshen jihar bayan Turanci in ta amince, kuma babu abin da ya hana gwamnatin Neja ta sa Nufanci da Gbagyi cikin darussan firamare na Chanchaga da Bosso, ta horar da malamansu a Kwalejin Ilimi ta Minna, ta ƙara musu lokaci a rediyon jiha fiye da fassarar labarai. In an yi haka, 'ya'yan Limawa su ma a zaunar da su a wannan aji, ba 'ya'yan Gbagyi kaɗai ba. Kafin gwamnati ta motsa kuwa, malaman makarantun allo da na boko da iyaye a Limawa suna iya hana yara kwaikwayon lafazin maƙwabtansu, su kuma koya musu kiran mutanen da suka tarar a garin da sunan da suka zaɓa wa kansu, wato Gbagyi.